Kayan kare kujeru da tebura na kwali: tambayoyi da amsoshi kan ƙarkonsu da lafiyar muhalli

Duk wanda ya fara ganin kujerar kwali, tambayarsa ba ta wuce biyu: za ta ɗauke ni kuwa? In ruwa ya zuba fa? Ta farkon ba ta da wuya, zama kawai za a yi a gani. Ta biyun ce ta buɗe wata 'yar kasuwa ta daban, inda ake sayar da shimfiɗu, takalman ƙafar tebur, gilashin sama da mayukan shafawa. Tambayoyin da ke ƙasa a kan waɗannan kayan suke, musamman ko suna rushe dalilin da ya sa aka zaɓi kwalin tun farko, wato kare muhalli.

Wai da gaske ana yin kayan ɗaki da takarda, ko dai wasan yara ne?

Ana yi, kuma an daɗe ana yi. A 1972 mai zanen gine-gine Frank Gehry ya fito da wata kujera mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake kira Wiggle, wadda aka yi ta da fallayen kwali kusan 60 da aka manne, kowane falle ya gitta wa na ƙasansa. Kamfanin Vitra yana ƙera ta har yau. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, 'yan wasa sun kwana a kan gadajen kwali kimanin 18,000 na kamfanin Airweave, kowanne yana ɗaukar nauyin kilo 200, kuma an sake amfani da irinsu a Paris a 2024. Hatta ɗan teburin nan na kamfanin kayan ɗaki IKEA mai suna Lack, da za ka fasa shi, takarda ce za ka tarar a cikinsa, an tsara ta kamar saƙar zuma, an rufe da siririn katako.

Me ake nufi da kayan kariya?

Duk abin da ake ƙara wa kayan kwali don kada ruwa, datti, gogayya ko wuta su ci su. Akwai wanda ake ɗorawa a ɗauke, kamar matashi, shimfiɗa ko gilashi. Akwai wanda ake sa wa ƙafa don ya raba ta da ƙasa. Sai wanda ake shafawa ko mannawa ya zama jiki ɗaya da takardar, irin su kaki, fenti da leda. Wannan rabe-raben shi ne gishirin zancen baki ɗaya, domin na ukun ne mai jawo rigima.

In har kwalin yana ɗaukar kilo 200, me ya sa yake neman kariya?

Saboda nauyi ba shi ne abokin gabansa ba, laima ce. Zaren takarda yana shan danshin iska kamar yadda gishiri ke yi da damina. A masana'antu ana gwada ƙarfin kwali ne a zafin digiri 23 da danshin iska kashi 50 cikin ɗari. Idan danshin ya kai kashi 90, kwalin yakan yi asarar kusan rabin ƙarfinsa, alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Sai kuma ruwan da ke taɓa shi. Mutane sun fi tsoron kofin shayi ya kife a saman tebur, amma ɓarnar da ta fi yawa daga ƙasa take tahowa. Ka lura da abin da ke faruwa in an goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma: ruwa ya kwanta a gindin ƙafar teburin, bakin kwalin a buɗe yake da 'yan ramuka, sai ya dinga zuƙar ruwan zuwa sama kamar lagwanin fitila. Ranar farko wani ɗan layi mai duhu kawai za ka gani, bai fi faɗin yatsa ba. Bayan sati biyu na goge-goge, gam ɗin sitatin da ya riƙe fallayen ya saki, gindin ya buɗe kamar littafin da ruwan sama ya doka, teburin ya fara ɗingishi. Saman nan kuwa yana nan fes, kamar jiya aka saye shi.

Abu na uku shi ne gogayya. Gefen kujera inda cinya ke gogawa da kusurwar tebur su ne ke fara yin gashi-gashi. Gehry ma ya san da haka, shi ya sa ya rufe gefunan kujerarsa da siririn allo mai tauri.

To ai kayan kariyar nan su ne ke ɓata lissafin muhallin, ko ba haka ba?

Wani lokaci haka ne, wani lokaci akasin haka. Sai an fahimci yadda ake sake sarrafa kwali kafin a gane bambancin. A masana'anta ana zuba tsohon kwali cikin wata ƙatuwar tukunya mai ruwa, injin ya yi ta dama shi har ya koma kamar kunu, a tace, a shimfiɗa zaren ya zama sabuwar takarda. Duk abin da ya hana ruwa shiga kwalin a ɗakinka, zai hana shi shiga a cikin wannan tukunyar ma. Kwalin da aka jiƙe da kakin fetur ba ya narkewa, shi ya sa yawancin masana'antu ba sa karɓarsa. Wanda aka manna wa leda yakan bar tarkace da zaren kirki maƙale a jikinsa, a kwashe a zubar. Gam mai narkewa da zafi kuma yakan zama 'yan dunƙule masu danƙo da ke toshe injin, su bar tabo a sabuwar takarda.

Wannan matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 1963 wani ɗalibin zane a Landan, Peter Murdoch, ya yi kujerar yara mai ɗige-ɗige daga takarda guda da ake naɗewa, aka lulluɓe ta da siririyar leda don a riƙa goge ta. Ta yi farin jini, ta yi arha, amma takarda da leda sun riga sun zama abu ɗaya, raba su kuwa sai masana'anta ta musamman.

A ɗaya ɓangaren, kujerar da ba ta da kariya ko kaɗan, wadda ta lalace cikin wata shida aka sayi wata, ita ma asara ce, domin an kashe ruwa da wuta da man mota wajen yin ta da kawo ta. Shimfiɗar da ta mayar da wata shida ya zama shekara biyar ta biya kuɗinta. Don haka abin da nake dubawa a kowane kayan kariya shi ne: ana iya cire shi da hannu ba tare da an yaga kwalin ba? Kuma zai rayu ya yi wa kujera ta biyu da ta uku aiki? In amsar duka biyun e ce, ko da roba aka yi shi ban cika damuwa ba.

Shimfiɗar dannannen ulu ta fi, ko ta robar kwalba?

Waɗannan biyun ana sayar da su don ɗorawa a kan kujeru, kuma a ido kusan ba a bambance su. Kamfanin molo na birnin Vancouver a Kanada, mai yin kujerun takarda masu buɗewa kamar mafici, yana sayar da faifan dannannen ulu don a ɗora a saman nasa, saboda shi ke raba nauyin mai zama, ya kuma tare datti.

Ulun tumaki yana da kirki ta fuskoki da dama: ɗigon ruwa yakan tsaya a kansa na ɗan lokaci kafin ya nutse, ba ya saurin kama wuta, kuma in ya tsufa yana ruɓewa a ƙasa. Laifinsa yana can baya, wurin kiwo, domin tumaki suna fitar da iskar mitan mai ɗumama duniya, wanke ulun da rina shi kuma suna cin ruwa. Ga kuma asu, wanda ke cinye shi in an ajiye a duhu.

Ɗayan kuwa daga tsofaffin robobin ruwan sha ake yin sa. Ya rage bola, ya fi arha, asu ba ya kula shi. Sai dai ba ya ruɓewa, yana kakkaɓe ƙananan zaruruwan roba duk lokacin da aka wanke shi, kuma da wuya a sake mayar da shi kwalba. Ni dai ulu zalla nake zaɓa, in an tabbatar mini zalla ne. Wanda na fi ƙi shi ne gaurayen biyun, rabi ulu rabi roba, wanda bai ruɓe ba, bai kuma sarrafu ba.

Ana yawan yabon kok, wato ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi. Ya cancanci yabon?

Mafi yawa ya cancanta. Ba a sare bishiyar, ɓawon kawai ake ɓarewa, karo na farko in ta kai kimanin shekara 25, daga nan kuma duk bayan shekara 9. Ƙasar Fotugal ce ke samar da kusan rabin na duniya. Yana jure zafin kofi, ba ya shan ruwa da sauri, ba ya santsi. Abin lura ɗaya: faifan kok da ake sayarwa galibi ɓarɓashi ne aka haɗe da gam, kuma sau da yawa gam ɗin na roba ne. Ka tambayi mai sayarwa da me aka haɗe shi.

Gilashi a saman teburin kwali fa? Ba cin amanar muhalli ba ne?

Narka gilashi yana buƙatar zafin da ya kai kimanin digiri 1,500, don haka yin sa yana cin makamashi sosai, kuma gilashin tebur ba ya shiga layin sarrafa kwalabe. Amma ɗora shi kawai ake yi, kuma zai iya ganin bayan tebura goma. Ka sa mai yankan gilashi ya yanko maka daga tsohon gilashin taga mai kauri ko na kanta, ya goge bakin don kada ya yanki yara. Ka bar shi ya ɗan zarce gefen teburin, yadda abin da ya zuba zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ƙarƙashinsa. Wannan na ƙarshen mutane suna yawan mantawa, sai ruwa ya maƙale tsakanin gilashi da kwali ba a sani ba, har fumfuna ta fito.

Zan iya shafa masa fenti ko man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako?

Za ka iya, kuma zai yi aiki, amma ka san cinikin da ka yi. Fentin mai da man ƙyalli na roba suna rufe kwalin ruf, su ba shi shekaru, sannan su fitar da shi daga sahun abin da za a sake sarrafawa cikin sauƙi. Akwai masu sauƙin laifi: siririn shafi mai haɗin ruwa wanda aka yi shi musamman don ya saki a tukunyar masana'anta, da kakin zuma, da shalak, wani danƙo da ƙwari ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan. Waɗannan suna tare yayyafi da jiƙaƙƙen hannu, ba sa tare ambaliya.

Shawarata ita ce a shafa a inda ake buƙata kaɗai, wato saman tebur da tsawon yatsu uku na gindin ƙafa, yadda in ranar rabuwa ta zo za a yanke wurin da wuƙa a ba da sauran da tsabtarsa. In fenti mai haɗin ruwa ne, a shafa kaɗan-kaɗan a bar shi ya bushe tsakani, domin in an malala shi lokaci guda kwalin zai kumbura ya lanƙwashe tun kafin a fara amfani da shi.

A kuma yi hattara da feshin da ake tallatawa cewa yana korar ruwa da maiƙo gaba ɗaya. Wasunsu suna ɗauke da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa saurin lalacewa a ƙasa ko a jikin mutum. Tarayyar Turai ta riga ta kafa dokar taƙaita su a takardun ƙunshe abinci daga watan Agustan 2026.

Ƙaro fa? Ai shi muna da shi.

Ƙaro yana sa takarda ƙyalli da ɗan tauri, masu rubutun allo ma sun san aikinsa a tawada. Amma da ruwa ake narka shi, kuma ruwa zai sake narka shi. Ba ya kare komai daga jiƙa.

Wane irin takalmi ya dace a sa wa ƙafafun?

Duk abin da zai ɗaga kwalin daga ƙasa ko da faɗin yatsa biyu ne, kuma shi kansa bai shan ruwa. A nan ne nake ganin an fi samun riba da kuɗi kaɗan. Darasin ma daga manya aka koyo shi. Bayan girgizar ƙasar Kobe a Japan a 1995, mai zanen gine-gine ɗan Japan Shigeru Ban ya gina wa waɗanda suka rasa matsuguni ɗakuna da bututun takarda, ya kafa su a kan kiret-kiret na roba na kwalaben giya da aka cika da buhunan yashi. Babu siminti, babu haƙa, kuma da aka tashi kwashe ɗakunan, kowane abu ya koma inda zai yi amfani.

A gida, guntayen katako daga shagon kafinta sun isa, ko yankan tsohuwar taya, ko kofunan roba da ƙafar ke zama a ciki. Ka guji 'yan faifan nan masu gam a baya da ake mannawa. Suna ɓallewa cikin 'yan watanni, su bar danƙo mai tara ƙura, in ka zo ɓare su kuma su taho da fatar kwalin.

Maganin wuta fa?

Kwali yana ci da wuta, babu wani shafi da zai mayar da shi dutse. Abin da magungunan ke yi shi ne rage saurin kamawa. Wanda aka fi sani shi ne gishirin boron, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ma yana cikin gam ɗin sitatin kwali tun daga masana'anta. Yana da sauƙin illa in aka kwatanta da wasu, yana kuma korar ƙwari, amma ba abin wasa ba ne: a Turai an sa shi cikin sinadaran da ka iya cutar da haihuwa, kuma in ya yi yawa a taki yana ƙona shuka. Kwalin da aka jiƙe da shi kada a zuba shi a gona ko lambu.

A gine-ginen jama'a ba a da zaɓi. Cocin kwalin da Ban ya gina a Christchurch ta ƙasar New Zealand, wanda aka buɗe a 2013, an shafe bututunsa da maganin wuta da roba mai hana ruwa, an sa katako a cikinsu, an yi masa rufin roba mai tauri. A ɗaki kuwa, nisantar da kujerar daga kasko, kyandir da risho ya fi kowane feshi.

A ƙasashenmu masu gara, akwai abin da zai cece shi?

Gara ba ta da abincin da ya fi mata kwali daɗi, kyankyasai kuma suna son sitatin da ramukan ɓuya. A ɗakin da ke da daɓen ƙasa ko bango mai tsagewa, babu kayan kariyar da zan yi maka alkawari a kansu. A daɓen siminti ko tayil, ɗaga shi daga ƙasa, raba shi da bango, da jan shi gefe a share ƙarƙashinsa duk sati suna wadatarwa. Rufe buɗaɗɗun bakunan da salatif na takarda, irin wanda ake jiƙa bayansa kafin a manna, yana toshe ramukan kuma yana narkewa tare da kwalin a masana'anta, saɓanin salatif na leda. Da hunturu kwali yana cikin jin daɗinsa, ƙura ce kawai, a kakkaɓe da busasshen buroshi. Watan Agusta ne gwajinsa.

Dole sai na sayi na kamfani, ko akwai na gida da zai yi?

Akwai, kuma wasu sun fi na kamfanin. Faifan da ake rufe ƙwarya da shi ya isa matashin kofi da butar shayi. Yankin tabarmar kaba yana rufe saman benci. Buzu aikin dannannen ulu yake yi, har ya fi shi laushi. Matashin fata da aka cika da audugar rimi yana raba nauyi daidai yadda ake so, kuma in fatar jimar bagaruwa ce irin ta majemanmu, tana ruɓewa ba tare da barin sinadarin kurom da ake jeme mafi yawan fatun duniya da shi ba. A tabbata dai rinin ba ya zuba, domin jar fata in ta sha gumi takan bar tambarinta a kwali, kuma ba ya fita.

An rubuta "mai ruɓewa" a jikin abin da na saya. In yarda?

Ka tambaya: a ina yake ruɓewa? Robar da ake yi daga sitatin masara, wadda ake kira PLA, tana buƙatar wurin yin taki na masana'anta mai zafin kusan digiri 58. A bolar bayan gida za ta daɗe tana kallonka. Tambarin FSC da ake bugawa a jikin kayan takarda da katako kuma magana yake yi a kan dajin da aka samo itacen, bai ce komai a kan abin da aka shafa wa takardar daga baya ba.

Akwai gwajin da za ka yi da kanka. Yanki ɗan guntu daga wurin da ba a gani, ka yaga shi a hankali. In wata siririyar fata mai sheƙi ta miƙe tana ja kafin ta tsinke, leda ce. Sannan ka jefa guntun a kofin ruwan ɗumi ka bar shi ya kwana. Da safe ka murza shi da yatsu: in ya dagargaje ya zama kamar dusa, masana'anta ma za ta iya da shi. In ya fito da siffarsa, ruwa na gangara a jikinsa, to an riga an rufe shi.

Akwai wurin da kayan kwali ba su dace ba ko da an kare su?

Tsakar gida, banɗaki, kusa da randa ko wurin wanke-wanke, da ɗakin da rufinsa ke yoyo. In ka ga sai ka naɗe kujera da leda sama da ƙasa kafin ta rayu a wurin, ka je wurin kafinta ya yi maka ta katako, jikokinka ma za su zauna a kai. Kwali ya fi dacewa da ɗakin ɗalibi, rumfar baje koli, ofis na wucin gadi, da mai yawan ƙaura da ba ya son biyan kuɗin mota.

In kujerar ta gama aiki, yaya zan rabu da ita?

Ka ware komai gida-gida. Ɗauke shimfiɗa, gilashi da takalman ƙafa ka adana wa ta gaba. Zare ƙusoshi da maganaɗisu in akwai, su na 'yan gwangwan ne. Ɓare salatif na leda, ka yanke duk inda fenti, kaki ko maiƙon abinci ya taɓa. Sauran kwalin ka baje shi, ka ɗaure da igiya, ka ajiye a busasshen wuri har masu sayen kwali su zo, domin jiƙaƙƙe yana fumfuna kuma ba sa son sa. In babu mai saye a garinku, wanda ba a shafa wa komai ba yana da amfani a gindin shuka: a shimfiɗa, a zuba ƙasa kaɗan a kai, ya riƙe laima ya danne ciyawa har ya ruɓe. Sai dai a yi nesa da bangon ɗaki, saboda gara.